Likita Stirrett, Bature Mai Magani

An haifi Andrew Park Stirrett a ƙasar Kanada a shekara ta 1865. Ya yi sana'ar haɗa magunguna a birnin Toronto, ya kuma karanci aikin likita. A 1902, yana da shekara 37, ya bar kantinsa da dukiyarsa ya zo ƙasar nan tare da mishan ɗin SIM, ya fara zama a Pategi, bakin kogin Kwara.

A wancan zamani zuwa nan sai da sayar da rai. Cikin mutum uku da suka fara wannan aiki a 1893, biyu, wato Walter Gowans da Thomas Kent, ciwo ya kashe su a 1894. Ba asibiti, ba mota, mai lalura kuwa yakan yi tafiyar kwanaki kafin ya ga likita. Stirrett ya gane cewa likita ɗaya ba zai isa ko'ina ba, don haka dole wanda ke kusa da majinyaci ya san abin yi. Ya matsa wa abokan aikinsa su riƙa shan kwinin kullum saboda zazzaɓin cizon sauro. Ya kuma rubuta musu littafi a kan cututtukan Afirka ta Yamma da yadda ake jinyarsu, domin wanda ke ƙauye mai nisa ya duba ya taimaki kansa da maƙwabtansa.

Hausawa ya fi ƙauna. Ya koyi harshenmu, yana bin fatake zango zango yana wa'azi yana ba da magani, har suka sa masa suna Bature Mai Magani. Yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito a 1932. Bai taɓa aure ba. Ya rasu a Jos a 1948.

Yau an sami sababbin magunguna da gidan sauro, amma nisan da ya dame shi yana nan. Da yawa cikinmu daga ƙauyukan Bakura da Maradun muka fito, iyayenmu suna noma a fadamun Bakolori. In maciji ya sari manomi, mu ne a wurin, ba likita ba. Ya kamata mu san ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A hana mutumin motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. In gudawa ta kama yaro, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi a hanya.

Saboda haka, ɗalibai, duk ranar da aka kira darasin taimakon gaggawa, kada kowa ya zame. Allah ya ba mu zuciya irin ta bawansa Stirrett. Amin.