Belva Lockwood: lauyar da ta karɓo tsohon bashi daga gwamnatin Amurka

Duk ɗan kasuwa ya san zafin bashin da ya daɗe a hannun mai ƙarfi. Yau za mu kawo muku tarihin wata mata da ta bi irin wannan bashi har kotun ƙolin Amurka.

An haifi Belva Lockwood a 1830 a wani ƙauye na jihar New York. Ta yi aure tana da shekara 18, mijin ya rasu a 1853, ya bar ta da ƴa ɗaya. Da aikin koyarwa ta riƙe kanta, ga shi albashin malama mace bai kai na namiji ba ko kusa. Wannan ya tsaya mata a rai.

A 1866 ta koma Washinton, babban birnin ƙasar, daga baya ta shiga karatun lauya. Ta ƙare karatu, amma makarantar ta hana ta takardar shaida don ita mace ce. Sai ta rubuta wa shugaban ƙasa Grant wasiƙa a 1873, bayan ƴan kwanaki aka ba ta takardarta. Yawancin masu zuwa wurinta talakawa ne, kamar tsofaffin sojoji da matan da suka rasa mazajensu a yaƙi, masu bin gwamnati kuɗin fansho.

To amma shari'a hawa-hawa ce. Wanda hukuncin ƙaramar kotu bai gamsar ba yana ɗaukaka ƙara, har ta kai kotun ƙoli, inda magana ke ƙarewa. A 1876 kotun ƙoli ta ƙi yarda Belva ta tsaya gabanta. Ba ta yi fushi ta koma gida ba, ta dinga zarya wurin ƴan majalisa har aka yi doka a 1879 wadda ta buɗe wa lauyoyi mata ƙofar. Ita aka fara karɓa, kuma a 1880 ta zama mace ta farko da ta kare ƙara a gaban wannan kotu.

Babbar shari'arta ita ce ta ƙabilar Ceroki, ƴan asalin ƙasar. A 1838 gwamnati ta tashe su daga ƙasarsu da ƙarfin soja, dubbai suka mutu a hanya, sannan ta cire kuɗin tafiyar daga cikin kuɗin da ta yi alkawarin biyan su. A 1906, tana da shekara 75, Belva tana cikin lauyoyin da suka tsaya musu a kotun ƙoli. Kotu ta tabbatar da bashin, sama da dala miliyan 1, da ƙarin kashi 5 cikin 100 kowace shekara tun daga 1838. Jimilla ta kai wajen miliyan 5, kuma dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwarmu ba.

Ta tsaya takarar shugaban ƙasa a 1884 da 1888, lokacin da ita kanta ba ta da damar jefa ƙuri'a. Ta rasu a 1917, saura shekara 3 dokar ƙasa ta ba matan Amurka wannan dama.

Bashin Ceroki ya yi shekara 68 kafin kotu ta ce a biya. Yarjejeniyar da aka rubuta da lissafin da aka adana su suka hana shi nutsewa. Don haka, Hajiya, a riƙa rubuta bashi, a kuma kafa shaidu.