Colin Chapman: Ɗalibin da ya fara da gyaran ƙafar tsohuwar mota ya girgiza tseren motoci na duniya

Duk wanda ya taɓa zama a garejin makanikai a Mahuta ko Kakuri da ke kudancin Kaduna ya san yadda hirar mota take tafiya. Matashi zai kawo tsohuwar Peugeot 504 yana son ta yi gudu, abin da zai fara tambaya kuwa shi ne yadda za a ƙara wa inji ƙarfi. Ba a cika tunawa da ƙafar mota ba, wato sifirin da shokozoba da tayarod da bushin, sai ranar da ta fara ƙara a gargada.

Alhali 504 ɗin nan, wadda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kakuri a 1975, ta lashe tseren Safari na Kenya a wannan shekarar, kuma juriyar ƙafarta a mummunar hanya na cikin abin da ya ɗaga sunanta a Afirka.

Akwai wani Bature da ya gina rayuwarsa kacokan a kan wannan fahimta, cewa mota tana cin tsere ne da yadda tayoyinta suke riƙe ƙasa da kuma rashin nauyinta. Sunansa Anthony Colin Bruce Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus. Da tsohuwar motar da aka rasa mai saye ya fara.

An haife shi ranar 19 ga Mayu, 1928, a Richmond kusa da Landan. Mahaifinsa, Stanley, yana gudanar da wani otal mai suna Railway Hotel a unguwar Hornsey. Colin ya shiga jami'ar University College London a 1945 don karatun injiniya, kuma yana ɗalibi ya koyi tuƙin jirgin sama. A gefe guda shi da wani abokinsa suna dillancin tsofaffin motoci.

A ƙarshen 1947 gwamnatin Birtaniya ta janye kason man fetur da take ba masu motocin gida. Kasuwa ta faɗi warwas. Suka karyar da abin da ke hannunsu, aka bar Chapman da wata Austin Seven ƙirar 1930, ƙaramar mota mai injin da bai kai cc 750 ba. Ya ja ta zuwa garejin da ke bayan gidan iyayen budurwarsa, Hazel Williams, a Muswell Hill, ya fara kwance ta.

Motar da ke juya kanta

Austin Seven tana da wani aibi da masu ita suka sani. Idan aka shiga kwana da gudu, bayanta yakan zame waje kamar wani ne daban yake murza sitiyari daga baya. Direbobi da yawa sun ɗauka halinta ne, sai dai a yi haƙuri. Chapman ya kwanta a ƙarƙashinta ya gano dalili.

Sifirin ɗin baya na falle-falle ne, masu lanƙwasa kamar baka, kuma su ne suke riƙe da aksul. Idan mota ta karkata a kwana, nauyi yakan danne sifirin na waje ya miƙe, tsawonsa ya ƙaru, ya tura wannan gefen aksul ɗin baya. Na ciki kuma ya ƙara lanƙwashewa ya jawo nasa gefen gaba. Sai aksul ya karkace, tayoyin baya su nufi waje. Ke nan direba yana murza sitiyari a gaba, ƙafar baya tana yin nata a ɓoye.

Maganin da ya yi bai ci kuɗi ba. Ya miƙar da sifirin ɗin suka kwanta, ta yadda ko sun motsa sama ko ƙasa tsawonsu ba zai canja sosai ba. Don kada motar ta yi ƙasa ta riƙa gugar duwatsu, ya kife aksul ɗin. Ya yi wa ƙarfen shasi walda ya rufe shi don ya daina murɗewa, sannan ya yi sabon bodi da falankin katako da aka manna wa alminiyum. Ya sa mata suna Lotus.

Wasan da ya shiga da ita a 1948 na 'yan sha'awa ne, ba na masu kuɗi ba. Ana zaɓar tudu mai laka a ƙauye, kowa ya gwada hawa, wanda ya fi nisa ba tare da ya tsaya ba shi ne gwani. Fasinja yakan zauna yana tsalle a kujera don tayoyin baya su kama ƙasa. Hazel ce take wannan aikin, wani lokacin ma ita ke tuƙi.

A lokacin ɗan zaman da ya yi a rundunar sojan sama, ya gina ta biyu, ita ma a kan shasin Austin amma da injin Ford. Har fitilunta ya haɗa da sitiyari, duk inda aka juya su juya. A 1950 ya kai ta filin Silverstone, ya wuce wata Bugatti da aka ƙera musamman domin tsere. Daga nan laka ta fita daga ransa, ya koma kwalta.

Ta uku, a 1951, ya gina ta ne tare da wasu 'yan'uwa biyu, Michael da Nigel Allen, domin gasar ƙungiyar 750 Motor Club, wadda dokarta ta tilasta wa kowa amfani da inji da shasin Austin Seven. Chapman ya karanta dokar kamar lauya. Ya raba hanyoyin shigar mai da iska cikin injin ta hanyar da ba a haramta ba don ba wanda ya taɓa tunaninta. Motar ta addabi kowa, har ƙungiyar ta sake dokar. Wannan hali na neman ƙofar da aka manta ba a kulle ba bai rabu da shi ba har mutuwa, kuma shi ne ya kai shi ga abin kunya a ƙarshe.

Daga bargar dawaki

A farkon 1952 aka kafa Lotus Engineering a tsohuwar bargar dawaki da ke bayan otal ɗin mahaifinsa. Fam 25 da Hazel ta ranta masa na cikin jarin farko. Da rana yana aiki a kamfanin British Aluminium, da dare yana walda. Sai da 1954 ta ƙare, shekarar da suka yi aure, sannan ya ajiye aikin albashi.

Motar da ta fara kawo kuɗi ita ce Mark VI. Shasinta na siraran bututun ƙarfe ne da aka haɗa kusurwa uku-uku, nauyinsa kimanin kilo 25 kacal, mutum ɗaya zai ɗaga. A gaba ya ɗauki aksul ɗin Ford ya yanka shi biyu a tsakiya, ya sa wa kowane rabi mahaɗa, ta yadda idan tayar dama ta faɗa rami ba za ta ja ta hagu ba. Wannan dabara ba shi ya ƙago ta ba, wani injiniya mai suna Leslie Ballamy ya riga shi tun shekarun 1930, amma Chapman ya san inda zai sa ta. Ana sayar da motar a warwatse, mai saye ya nemo injin tsohuwar Ford ya haɗa a gida, ya kuma tsira daga harajin sabuwar mota. An sayar da sama da 100. Magajiyarta, Lotus Seven ta 1957, har yau kamfanin Caterham yana ƙera ta.

A zamanin an yi imani cewa motar tsere sai da sifirin mai tauri kamar dutse. Chapman ya ga akasin haka. A wurinsa shasi ne ya kamata ya yi tauri, sifirin ya yi laushi, shokozoba ta riƙe shi kada ya yi ta lilo. Taya da ke tsalle a iska ba ta birki, ba ta juya mota, ba ta tura ta gaba. Kamfanin Vanwall ya ɗauke shi ya zana masa shasi a 1956, kuma a 1958 Vanwall ya zama na farko da ya ci kambun masu ƙera motoci na Formula 1.

A nan ne masu yanke sifirin da giranda don mota ta kwanta ƙasa ya kamata su tsaya su duba. Tayarod da hannun ƙafa an auna su ne su yi sama da ƙasa tare. Idan aka sauke mota ba a gyara wannan awo ba, duk lokacin da taya ta hau tudu tayarod zai ja ta ciki ko ya tura ta waje, mota ta kauce alhali direba bai taɓa sitiyari ba. Wannan shi ne ciwon Austin Seven, ya dawo ta gaba. Lotus Elan ta 1962, wadda ake yabon sitiyarinta har gobe, da kayan wata motar talakawa mai suna Triumph Herald aka haɗa ta. Bambancin shi ne ana saita tsayin rak ɗin sitiyarin da siraran ƙarafa har sai awon ya daidaita.

Ba kullum dabararsa take ci ba. A 1963 Ford ya ba shi motar iyali, Cortina, ya mayar da ita ta tsere. Ya cire sifirin falle-falle na baya ya sa na naɗi, ya riƙe aksul da wani ƙarfe mai kama da harafin A. A filin tsere abin ya yi kyau, Jim Clark ya ci gasar motocin gida ta Birtaniya da ita a 1964, sau da yawa tayar gaba ɗaya na sama a kwana. A hanyar yau da kullum kuwa ƙarfen yakan sassauta notuna, mai ya tsiyaye daga aksul. A 1965 aka koma wa tsohon sifirin.

Nasara da gawarwaki

Labarin Formula 1 sananne ne. A 1962 ya fito da Lotus 25, wadda jikinta na alminiyum shi ne shasinta, direba yana kishingiɗe a ciki kamar a kwale-kwale. Clark ya ci tsere 7 cikin 10 a 1963, ya sake zama zakara a 1965, shekarar da ya ci Indianapolis 500 a Amurka. A rayuwar Chapman, Lotus ta ɗauki kambun masu ƙera motoci sau 7, na direbobi sau 6. Duk ranar da motarsa ta zo ta ɗaya, yakan ruga bakin hanya ya jefa baƙar hularsa sama.

Amma tsakanin rashin nauyi da rashin ƙwari tazarar kaɗan ce, kuma direbobinsa sun san haka. Clark, wanda ya ɗauka tamkar ɗan'uwa, ya mutu a Hockenheim ta Jamus ranar 7 ga Afrilu, 1968, kuma masu bincike sun fi karkata ga cewa tayar baya ce ta sace. Chapman ya kusa barin sana'ar.

A 1969 a Barcelona, dogayen fukafukan da ya kafa kai tsaye a kan ƙafar baya don iska ta danne tayoyi sun karye a motocinsa biyu a wuri guda. Graham Hill ya fita lafiya, Jochen Rindt ya karya hanci. Rindt ya rubuta masa wasiƙa yana kukan cewa motocin sun cika rauni, 'yan kilo kaɗan na ƙarin ƙarfe ba za su hana su cin tsere ba. Ranar 5 ga Satumba, 1970, a Monza ta Italiya, sandar birkin gaba ta karye a motar Rindt, ya daki shingen da ba a kafa da kyau ba, ya mutu. Makin da ya tara ya sa ya zama zakaran duniya bayan rasuwarsa, abin da bai sake faruwa ba. Kotun Italiya ta wanke Chapman bayan shekaru. Ko da hukuncin ya zo, wasiƙar tana nan, kuma da wuya a karanta tarihinsa a ce bai ji gargaɗi ba.

A 1978 Mario Andretti ya ci kambu da Lotus 79, motar da aka siffanta cikinta yadda iska za ta tsotse ta zuwa ƙasa. A tseren da ya tabbatar masa da kambun, a Monza ɗin dai, abokin tuƙinsa Ronnie Peterson ya yi hatsari ya rasu washegari.

Daga nan al'amura suka fara lalacewa. An haramta Lotus 88 mai shasi biyu a 1981 kafin ta yi tsere ko ɗaya. Kamfanin yana fama da ƙarancin kuɗi. Ga kuma batun John DeLorean, Ba'amurken da gwamnatin Birtaniya ta ba makudan kuɗi ya kafa masana'antar mota a Ireland ta Arewa. Lotus ce ta yi aikin injiniyan motar, kuma miliyoyin da aka ce an biya domin aikin sun bi ta wani kamfani mai rajista a Panama suka ɓace.

Chapman bai tsaya gaban alƙali ba. Ciwon zuciya ya kashe shi a Norfolk ranar 16 ga Disamba, 1982, yana da shekara 54. A wannan ranar ce ma'aikatansa suka fara gwada wata mota a filin Snetterton, wadda kwamfuta da matsin mai suke ɗaga ƙafarta su sauke a maimakon sifirin.

A 1992 aka ɗaure akawunsa, Fred Bushell, shekara 3 kan kuɗin DeLorean, kuma alƙalin ya nuna cewa da Chapman yana raye da hukuncinsa ya kai shekara 10. Hazel ta rayu har 2021.

Ita kuwa Austin ɗin farko, Chapman ya sayar da ita fam 135 a 1950 ta hanyar talla a wata mujallar tsere. A 2018, da kamfanin yake cika shekara 70, Lotus ta yi shela a duniya tana neman duk wanda ya san inda motar take.