Edwin Sutherland (1883-1950): Malamin da Ya Ce Laifi Koyonsa Ake Yi

Gabatarwa

Tun da daɗewa masana suke ta muhawara a kan dalilin da ke sa yaro ya kangare, ya shiga sata da sauran miyagun ayyuka. Wasu na ganin abin a jini yake, watau barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wasu kuwa na ganin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wannan muhawara tana da nauyi ƙwarai, domin amsar da hukuma ta ɗauka ita ce ke nuna abin da za a yi da yaron da aka kama, ko a ɗauke shi a matsayin wanda ba ya gyaruwa, ko kuwa a nemi sake masa abokan zama. A cikin malaman da suka tsaya a kan ra'ayi na biyu, da wuya a sami wanda ya kai Edwin Hardin Sutherland shahara. Shi dai Ba'amurke ne, shehun malami a fannin ilmin zaman jama'a, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen koyar da ilmin nazarin laifuffuka.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Sutherland ranar 13 ga watan Agusta, 1883, a garin Gibbon na Jihar Nebraska. Mahaifinsa, George Sutherland, malamin addinin Kirista ne na ɗariƙar Baftis, kuma ya daɗe yana shugabantar Kwalejin Grand Island. A wannan kwaleji Edwin ya yi karatu, ya sami digirinsa na farko a 1904. Daga nan ya yi shekara biyu yana koyarwa a Kwalejin Sioux Falls, inda darussan da aka ba shi suka haɗa da Latinanci da Girkanci da tarihi.

A 1906 ya shiga Jami'ar Shikago, wadda a lokacin ita ce cibiyar ilmin zaman jama'a a Amurka. Ya kammala digirinsa na dakta a 1913, kuma kundinsa a kan rashin aikin yi ne da ofisoshin sama wa mutane aiki. Ke nan ba da nazarin laifi ya fara ba.

Aikin Koyarwa

Sutherland ya koyar a Kwalejin William Jewell ta Jihar Misuri daga 1913 zuwa 1919. A cikin wannan lokaci ne, a 1918, ya auri Myrtle Crews, suka haifi 'ya ɗaya. Sa'an nan ya koma Jami'ar Ilinoi, inda shugaban sashensa, Edward Hayes, ya nemi ya rubuta wa ɗalibai littafin karatu a kan laifuffuka. Littafin ya fito a 1924 da sunan Criminology, kuma daga bugu na 1934 aka mayar da shi Principles of Criminology. Wannan littafi shi ya fito da sunansa.

Daga 1926 zuwa 1929 yana Jami'ar Minesota. A 1930 ya koma Shikago a matsayin malami mai bincike, sa'an nan a 1935 ya tafi Jami'ar Indiyana ya zama shugaban sashen ilmin zaman jama'a. A can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Abubuwan da Suka Gina Tunaninsa

A zamanin da Sutherland ya fara aiki, ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne mai laifi yana da wani naƙasu a jikinsa ko a ƙwaƙwalwarsa. Likitan nan na Italiya, Cesare Lombroso, ya riga ya yaɗa cewa akwai wanda ake haifa da halin laifi. A Amurka kuma masu gwajin kaifin hankali suna cewa yawancin yaran da ke gidajen horo dolaye ne. A 1931 Sutherland ya bi diddigin irin waɗannan gwaje-gwaje kimanin 350. Ya gano cewa duk lokacin da aka kyautata hanyar gwajin, sai yawan waɗanda ake kira dolaye ya ragu. Saboda haka ya nuna cewa sakamakon ya fi bayyana halin masu gwajin a kan halin yaran da aka gwada.

Abu na biyu shi ne zamansa a Shikago, birnin da aka kafa kotun yara ta farko a Amurka a 1899. A can Clifford Shaw da Henry McKay suka tattara bayanan yaran da aka gurfanar a wannan kotu, suka sa gidan kowane yaro a kan taswirar birnin. Sai ta bayyana cewa wasu unguwanni na kusa da tsakiyar gari su ne kullum kan gaba wajen kangarar yara, ko da kuwa ƙabilun da ke zaune a cikinsu sun tashi wasu sun maye gurbinsu. Har ila yau, sun lura cewa mafi yawan yaran tare da abokai suke aikata laifin. Idan mazauna sun sake amma halin unguwa bai sake ba, to ba za a ɗora abin a kan jini ba.

Abu na uku suka ce mai zafi. A 1933 wani malamin shari'a, Jerome Michael, da wani malamin falsafa, Mortimer Adler, suka fitar da rahoto inda suka ce duk binciken da aka yi a kan laifi bai haifar da wani tabbataccen ilmi ba. Wannan magana ta dami Sutherland, ta kuma zaburar da shi ya nemi bayani guda wanda zai game laifuffuka.

Abu na huɗu shi ne hulɗarsa da wani tsohon ɓarawo wanda ya shekara ashirin a cikin sana'ar. Mutumin ya rubuta abin da ya sani, Sutherland ya yi masa sharhi, aka buga a 1937 da sunan The Professional Thief. Littafin ya nuna cewa ƙwararren ɓarawo sai ya yi zaman koyo a hannun na gaba da shi, kamar yadda yaron maƙeri ke zama a maƙera, kuma sai 'yan sana'ar sun yarda da shi kafin ya shiga cikinsu.

Ra'ayinsa a kan Koyon Laifi

Sutherland ya fara shimfiɗa ra'ayinsa a bugu na 1939 na littafin karatunsa, ya kuma kammala shi a bugu na 1947 cikin jimloli tara. Ana iya kiran ra'ayin bambancin cuɗanya. Taƙaitaccensa shi ne, halin laifi koyonsa ake yi ta hanyar mu'amala da mutane, musamman na kusa, kamar 'yan gida da abokai. Abin da ake koyo iri biyu ne, watau dabarun aikata laifin da kuma hujjojin da mutum zai ba kansa don ya ga abin ba komi ba ne. Yaro yakan kangare idan maganganun da yake ji masu ƙawata karya doka sun rinjayi waɗanda ke hana shi. Ƙarfin cuɗanyar kuwa ya danganta ga yawanta, da daɗewarta, da ko tun yana ƙarami ta fara, da kuma girman wanda ake koyi da shi a idon yaron.

Bugu da ƙari, ya ce son kuɗi ko talauci kaɗai ba su isa su bayyana sata ba, domin buƙatar da ta sa wani ya yi sata ita ce ta sa wani ya yi dako. Darasin da ke cikin wannan ga masu shari'ar yara a fili yake. In dai koyo ne, to kulle ƙaramin yaro tare da riƙaƙƙun ɓarayi daidai yake da kai shi makarantarsu.

Laifin Manya

Ranar 27 ga Disamba, 1939, a birnin Filadelfiya, Sutherland ya yi jawabi a matsayinsa na shugaban ƙungiyar masana zaman jama'a ta Amurka. A nan ya fito da abin da ya kira laifin masu farar kwala, watau laifin da mai mutunci da muƙami ke aikatawa a cikin aikinsa. Bayan shekara goma, a 1949, ya fitar da White Collar Crime, inda ya bincika manyan kamfanoni 70 na Amurka. Ya samu an yanke musu hukunci sau 980, watau kusan sau 14 ga kowane kamfani, kuma babu ko ɗaya da ya kuɓuta. Sai dai kaɗan ne daga cikin hukunce-hukuncen suka fito daga kotunan laifi, saboda haka tambarin laifi bai manne wa masu kamfanonin ba.

Wannan bincike ya raunana hujjar masu ɗora laifi a kan talauci da dolanci, tun da waɗannan masu laifi attajirai ne masu ilmi. Amma kamfanin ɗab'in ya ji tsoron ƙarar ɓata suna, ya sa aka cire sunayen kamfanonin. Sai a 1983 Jami'ar Yale ta buga littafin da sunayen a ciki.

Masu Suka

Ra'ayin Sutherland bai tsira daga suka ba. Malamin shari'a Paul Tappan ya ce bai kamata a kira mutum mai laifi ba sai kotun laifi ta same shi da shi. Sheldon Glueck da matarsa Eleanor na Jami'ar Harvard, waɗanda Sutherland ya soki ayyukansu tun daga 1937, sun fitar da babban bincikensu a 1950, inda suka kwatanta kangararrun yara 500 da wasu 500 marasa laifi a yankin Boston. Su ma sun ga kangararru da kangararru suke abota, amma a ganinsu yaro yakan fara lalacewa ne daga tarbiyyar gida da ɗabi'arsa, daga baya ya nemi irinsa, domin sai hali ya zo ɗaya ake abota. Wasu kuma sun ce da wuya a auna rinjayen maganganun da yaro ya ji. Shi kansa Sutherland ya rubuta wata maƙala a 1944 yana fito da raunin ra'ayinsa, wadda aka buga bayan rasuwarsa.

Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Sutherland ya rasu ranar 11 ga Oktoba, 1950, a Bloomington, bayan ya yanke jiki ya faɗi a kan hanyarsa ta zuwa aiki. Yana da shekara 67.

Ɗalibansa sun ci gaba daga inda ya tsaya. Donald Cressey ya riƙa sabunta littafin karatun, wanda ya kai bugu na 11 a 1992. Albert Cohen ya rubuta littafi a kan gungun kangararrun yara a 1955. Lloyd Ohlin kuma, tare da Richard Cloward, sun fitar da nasu a 1960, wanda ya yi tasiri a kan shirin gwamnatin Shugaba Kennedy na magance kangarar matasa ta hanyar buɗe musu ƙofofin ilmi da aiki. Ƙungiyar masana nazarin laifuffuka ta Amurka ta sa wa babbar lambar yabonta sunansa.

Kammalawa

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya: miyagun abokai suna ɓata yaro, kuma yaron da ya fara ɓaci yakan nemi miyagun abokai. Duk da haka, Sutherland ne ya tilasta wa masu wannan fanni su riƙa tambayar wa ya koya wa yaro abin da ya aikata, kuma su auna ɗan talaka da mai kamfani da mudu ɗaya. Ɗalibin da ke nazarin tarbiyya a cikin karin magana da tatsuniyoyi zai amfana da sanin wannan muhawara, domin tambayar da ta raba Sutherland da Glueck tana nan a cikin adabin baka tun kafin a haife su.