Zik, haifaffen Zungeru da ya kafa jami'a da kuɗin manja

Yawancinmu da muke zaune a Kudu mun san Dokta Nnamdi Azikiwe ne a jikin takardar naira 500, muna ƙirga shi kullum a kara ba tare da mun tsaya mun dube shi ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutumin nan da Hausa ya buɗe baki. A Zungeru aka haife shi, cikin jihar Neja ta yanzu, ran 16 ga Nuwamba 1904, lokacin garin ne hedikwatar Turawa a Arewa. Mahaifinsa mutumin Anaca ne, akawu ne da aiki ya kai shi can. Da ya ga yaro ya kai shekara takwas yana ta zuba Hausa, sai ya tura shi Anaca wajen dangi don ya koyi harshen iyayensa. Daga baya zaman Legas ya ba shi Yarbanci. Wato dai irin rayuwarmu ce aka juya: shi ɗan Kudu ne da ya tashi a Arewa, mu 'yan Arewa ne da muka tashi a Kudu.

A 1925 ya tafi Amurka neman ilimi ba da wani abin kirki a aljihu ba. Ya yi wanke-wanke, ya yi leburanci, har haƙar kwal ya taɓa, kafin ya samu digiri a jami'ar Lincoln a 1930, ya ƙara a ta Pennsylvania. Da ya dawo ya yi aikin jarida a Akara, sannan a 1937 ya kafa jaridarsa West African Pilot a Legas, wadda ta hana Turawa sakat. A 1944 shi da Herbert Macaulay suka kafa jam'iyyar NCNC, wadda daga baya ta ƙulla ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano. A cikin jam'iyyar nan ne Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Ni ɗan falken shanu ne, wannan labari bai taɓa gundurata ba.

Muƙamansa an san su: Firimiyan Jihar Gabas daga 1954 zuwa 1959, Gwamna Janar a 1960, shugaban ƙasa daga 1963 har juyin mulkin Janairu 1966. Amma a ganina babban abin da ya bari ba kujera ba ce, jami'ar Nsukka ce.

A lokacin, makaranta ɗaya ce tak mai ba da digiri a Najeriya, ta Badun, ita ma reshe ce ta jami'ar Landan, kuma ɗalibai ƙalilan take ɗauka. Zik ya ga wani tsari daban a Amurka, inda ɗan manomi ke shiga jami'a ya koyi noma, kiwo da aikin injiniya, ba Latin da tarihin Ingila kaɗai ba. Shi yake so. A 1955 majalisar Jihar Gabas ta zartar da dokar kafa jami'ar. Kuɗin kuma fa? Daga hukumar sayen amfanin gona ta jihar aka riƙa warewa, wato ribar manja da ƙwarar kwakwa. Gumin talakawa masu hawa bishiya ne ya yi tubalin farko. Jami'ar jihar Michigan ta Amurka ta turo malamai da masu tsara karatu, shugaban jami'ar na farko ma, George Marion Johnson, baƙar fata ne Ba'amurke.

An buɗe ta ran 7 ga Oktoba 1960, mako guda bayan samun 'yancin kai, da ɗalibai 220 da malamai 13. Tun ranar farko da sunanta take ba da digiri, ba ta jiran sa hannun Landan. Masu ganin ilimi sai na Ingila sun raina ta da farko, amma tsarin da ta fara, na tara maki kwas bayan kwas da darussan bai-ɗaya da kowane ɗalibi zai yi, shi ne yau kusan kowace jami'a a ƙasar nan ke bi. Kada a haɗa ta da jami'ar Awka mai ɗauke da sunansa, wannan daban take. Tasa ta Nsukka, Jami'ar Najeriya ya sa mata, ba ta Gabas ba, ba ta Ibo ba.

Sai yaƙi ya zo. Nsukka na bakin iyakar Arewa, tana cikin garuruwan farko da sojan tarayya suka kama a Yuli 1967. An sauya mata suna zuwa Jami'ar Biyafara, karatu ya tsaya, gine-gine da littattafai suka lalace, har da gidan Zik na Nsukka da tarin littattafansa. Nan ne wurin da har gobe ake gardama a kansa. Da farko ya yi wa Biyafara jakadanci a ƙasashen waje, a 1969 ya janye ya goyi bayan Najeriya ɗaya. Wasu mutanensa suna ganin ya yashe su, wasu na Arewa suna ganin ya makara. Ni dai ina ganin mutumin da ya tashi da harsuna uku a baki, da wuya raba ƙasa ta kwanta masa a rai. Bayan yaƙi a 1970 aka sake buɗe jami'ar, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe ta.

Yau babbar harabar tana kan tuddan Nsukka, da babban ɗakin karatu mai sunansa, ɗakunan kwanan ɗalibai, gonar gwaji, da tsangayoyin noma, injiniya, harhaɗa magunguna, ilimi da kimiyya. Harabar Inugu ke da shari'a da kasuwanci, asibitin koyarwa kuma yana Ituku-Ozalla. Reshenta na Kalaba shi ne ya zama jami'ar Kalaba a 1975.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce tsangayar likitan dabbobi. Tirelolinmu na shanu suna gangarowa ta Obollo-Afor, kusa da Nsukka, su nufi kara a Ugwuoba da Amansea. Duk wanda ya taɓa sauke saniyar da ta galabaita a mota, ko ya ga an ƙwace nama a kwata saboda cutar huhu ko ta hanta, ya san kuɗin da ke zubewa a nan. Amma yaranmu da aka haifa a Gabas, masu jin Ibo kamar Hausa, suna gama sakandare sai a miƙa musu sanda da igiya. Ni ma a nan na tsaya. Ƙannena biyu kam na riga na yi wa Baba magana, JAMB za su rubuta.

Zik ya sake neman shugabanci a NPP a 1979 da 1983, Alhaji Shehu Shagari ya kayar da shi duka biyun. Ya koma Nsukka da zama, ya rasu a Inugu ran 11 ga Mayu 1996 yana da shekara 91. An binne shi a Anaca ran 16 ga Nuwamba na wannan shekarar, ranar da aka haife shi a Zungeru.