Dokta Yusufu Bala Usman, Masanin Tarihin Ƙasar Katsina

A wannan wata muna so mu ba masu karatu labarin wani ɗan ƙasarmu. Shi Musulmi ne, amma aikinsa ya shafi ekklesiya ƙwarai, musamman mu da muke zaune a Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara.

An haifi Yusufu Bala Usman a Musawa cikin shekara ta 1945. Ɗan sarauta ne, gama ubansa shi ne Durɓin Katsina, kakansa kuwa Sarki Muhammadu Dikko. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, daga nan ya haye zuwa Ingila, ya shiga jami'ar Lankasta. Da ya komo gida a 1967 sai ya kama koyarwa a Kwalejin Barewa ta Zariya. Bayan 'yan shekaru ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello, inda Farfesa Abdullahi Smith ya bi da shi har ya sami digirin dokta a 1974.

Babban aikinsa shi ne tarihin ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. Bai dogara ga abin da Turawa suka rubuta kaɗai ba. Ya bi garuruwa har Maraɗi, ya zauna a gaban tsofaffi, ya duba tsofaffin takardun Larabci, yana auna wannan da wancan. Ya bi sawun garuruwa irin su Maska da Gozaki da 'Yandoto. Abin da ya tarar shi ne, mutanen Katsina ba daga tsatso ɗaya suka fito ba. Noma da fatauci da sana'a da auratayya su ne suka haɗa baƙo da ɗan gari har suka zama jama'a ɗaya. Saboda haka ya ƙi yarda da masu cewa jihadin 1804 yaƙin kabila ne kawai tsakanin Fulani da Haɓe.

Bai tsaya a ɗakin karatu ba. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya sa shi cikin kwamitin rubuta tsarin mulki. Shi da Dokta Segun Osoba suka ga an manta da talaka, sai suka rubuta nasu rahoto dabam. Daga baya ya zama Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin Gwamna Balarabe Musa, sa'ad da Katsina take cikin wannan jiha.

Cikin watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Aka ƙone majami'u da yawa, masallatai ma ba su tsira duka ba. A shekarar nan ya fitar da littafi a kan yadda ake juya addini domin neman abin duniya. Ya nuna cewa masu neman mulki da dukiya su ne suke zuga Musulmi da Kirista, domin kada talakawa su haɗa kai su tambayi inda arzikin ƙasa ya tafi. Irin wannan magana ta jawo masa fushin manya. A 1989 gwamnatin soja ta raba shi da aikinsa, amma kotu ta mayar da shi. Ya rasu ran 24 ga Satumba, 2005.

'Yan'uwa, ga abin koyi guda biyu. Na fari, tsofaffin da suka ga farkon bishara a ƙauyukanmu suna ƙarewa. Bari kowace ekklesiya ta sami mai rubutu ya zauna da su, ya rubuta shekaru da sunaye daidai, ba ƙari ba ragi. Na biyu, idan wani ya zo yana zuga mu a kan maƙwabcinmu da sunan addini, sai mu tambayi kanmu wa zai ci ribar faɗan. Ubangiji ya ba mu son gaskiya, ya kuma kiyaye ƙasarmu cikin salama.