Rontgen, mutumin da ya ga ƙashi cikin jiki

An haifi Wilhelm Rontgen a ƙasar Jamus cikin shekara ta 1845. Yana saurayi aka kore shi daga lakkol, don ya ƙi tona asirin wani ɗan ajinsu da ya zana hoton malami na ba'a. Bai fid da rai ba. Ya tafi birnin Zurik ya ci gaba da karatu, har ya zama malamin kimiyya.

Ran 8 ga Nuwamba 1895, a jami'ar Wurzburg, ya gano wani haske da ido ba ya gani. Hasken yana ratsa fata da tsoka, amma ƙashi yana tare shi. Da yake bai san irinsa ba, sai ya sa masa suna X. Ya ɗauki hoton hannun matarsa: ga ƙasusuwan yatsu, ga zobenta.

Tun daga nan lokotoro yake ganin karaya ba tare da ya tsaga jiki ba. Amma hoto ɗaya yana iya ɓoye karaya, shi ya sa ake ɗaukar biyu, ta gaba da ta gefe. In na ƙirji ne, mutum yakan tsaya ya jingina ƙirjinsa ga allo, haske ya shigo ta baya, a ga haƙarƙari da huhu da zuciya.

A 1901 aka ba shi kyautar Nobel. Ya bar ma jami'a kuɗin, kuma ya ƙi mallake abin da ya gano, don kowa ya amfana. Ya rasu a 1923.

Tambayoyi
1. Don me aka kori Rontgen daga lakkol?
2. Don me ake ɗaukar hoto biyu na karaya?