Kanar Charles Young: Hafsan da dajin Amurka ya horar, ajali ya kira shi Legas

An haifi Charles Young cikin bauta a jihar Kentucky ta Amurka a shekarar 1864. A 1889 ya zama baƙar fata na uku da ya kammala makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point. Da yake a lokacin ba a yarda baƙar fata ya shugabanci Turawa ba, sai aka tura shi can yammacin ƙasar, ga rundunar mahaya dawaki ta baƙaƙen fata, da farko a Nebraska, daga bisani a Utah.

Wannan daji mai tsananin sanyi da ƙarancin ruwa, inda aka kai shi don a nisanta shi, shi ya zame masa makaranta. A nan ya ƙware a hawan doki da doguwar tafiya da karantar yanayin ƙasa. Amfanin haka ya bayyana a 1903, sa'ad da aka ba shi riƙon gandun dajin Sequoia a California, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami. Cikin 'yan watanni dakarunsa suka kammala hanyar da ta kai ga manyan itatuwan gandun, aikin da ya daɗe yana jan ƙafa. Daga nan ya yi aikin jakadancin soja a Haiti, inda ya zana taswirar ƙasar, sannan a Laberiya.

A 1917, yana dab da matsayin da zai kai shi ga zama janar, aka yi masa ritaya bisa dalilin hawan jini. Martaninsa irin na mutumin daji ne: a 1918 ya ɗaura sirdi daga Ohio zuwa Washington, tafiyar kusan kilomita 800, don ya nuna lafiyarsa lau. An mai da shi bakin aiki, amma ba a tura shi fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya ba.

Ya sake komawa Laberiya, kuma yana rangadi a Nijeriya ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ya rasu a Legas ranar 8 ga Janairu, 1922, aka binne shi a can, kafin a mai da gawarsa maƙabartar Arlington a 1923. Muƙamin birgediya janar bai iske shi ba sai kusan shekara 100 bayan rasuwarsa. A gandun Sequoia kuwa, har yau akwai wata ƙatuwar itaciya mai ɗauke da sunansa.